Motar kara ta yaran Gaya da motar tsere mai bin tsagi

Duk wanda ya taɓa kwana a Gaya ya san garin manyan motoci ne. Tun shekarar 1958 da aka gama gadar farko bisa kogin Kwara, wanda mutanen wurin ke kira Isa, kayan da jiragen ruwa suka sauke a Kwatano ta nan suka riƙa shigowa Nijar. A da jirgin ƙasa yakan kawo su Paraku, tafiyar kilomita 438, daga nan motoci su ɗauka zuwa Malanbil, su ƙetare gada, su tsaya wurin ma'aikatan duwan, kana su miƙe hanyar Doso da Yamai. An ƙara gada ta biyu tsakanin 1988 da 1989. Ta gabas kuma ga hanyar Kamba mai shiga Najeriya. Ko da aka rufe iyaka da Benin a shekarar 2023, an riga an yi shekara sittin da biyar yaran garin suna buɗe ido bisa Berliet da Mercedes da tankokin mai, suna leƙa ƙarƙashinsu idan direba ya tafi cin abinci, suna tsugunne kusa da karen mota sa'ad da yake cire taya.

To, abin da yaro ya gani shi yake ƙerawa. Da kaka, in an yanke dawa, sai a ga yara zaune gindin bango da tarin kara da tsohuwar reza. Su feƙe ɓawon kara ya zama tsinke, su yayyanka totuwar cikinsa gunduwa-gunduwa, su riƙa soka wannan cikin wancan har siffar mota ta fito, da kanta da bayanta da wurin zaman direba. Ƙafafu kuwa daga sakaina ake yanko su, ko daga tsohon silifa, ko a haɗa marafan kwalba biyu baki da baki. Waɗanda suka ɗan tasa sun wuce kara, sun koma gwangwanin madara da na sardin da na tumatir, da waya, da robar tsohon tib da ake tsagawa siriri a ɗaure mahaɗai da ita. Manya da yawa ba sa ganin kome a nan sai ɓata lokaci da yanke yatsa. Wani uban ma in ya tarar da ɗansa cikin wannan aiki, sai ya taka motar ya kore shi.

Alhali kuwa a ƙasashen Turai da Amurka akwai wata ƴar mota da ba ta kai tsawon tafin hannu da yatsu ba, wadda manyan mutane masu gemu suke kashe kuɗi da dare a kanta, har da ƙungiyoyi da dokoki da gasar duniya. Wanda ya san yadda aka gina ta zai ga cewa matsalolin da injiniyoyinta suke fama da su, su ne dai waɗanda yaron Gaya yake fama da su gindin bango.

Yadda motar take

Ana tseren ne bisa wani faifan hanya da aka shimfiɗa a tebur ko a ƙasa, mai miƙe da kwana kamar filin tseren gaske. Kowace mota tana da layinta. A tsakiyar layin an yi wani tsagi siriri, faɗinsa wajen milimita 3, ya bi hanyar har ya zagayo. Dama da hagu na tsagin an shimfiɗa ƙarfe biyu masu ɗauke da lantarki mara ƙarfi, wajen volt 12 zuwa 18, wanda ba ya kama mutum. A ƙarƙashin hancin motar akwai wani ɗan harshe na roba mai shiga cikin tsagin, shi ke jan ta duk inda hanya ta karkata. Gefen harshen kuma akwai kitso biyu na zaren jan ƙarfe masu laushi, suna gugar ƙarafan hanya, suna ɗebo wuta su kai wa inji. Saboda wannan tsagi ne ya dace a kira ta motar tsagi.

Mai tuƙi ba ya taɓa motar. Abin da ke hannunsa wani makunni ne mai kunama irin ta bindiga. In ya matsa, wuta ta ƙaru, mota ta zabura. In ya saki, wuta ta yanke, kuma wayoyin injin su haɗu da juna, sai injin da kansa ya zama birki. Aikin direba ke nan gaba ɗaya: ya san inda zai matsa da inda zai saki. In ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, harshe ya fice daga tsagi, mota ta wuntsila gefe, abokan tsere su wuce shi kafin a mai da ita.

Girman motocin bisa lissafi yake. Wanda aka fi yi shi ne kashi ɗaya cikin 32, watau motar da tsawonta ya kai mita huɗu da rabi sai ta dawo santimita 14. Akwai manya na kashi ɗaya cikin 24, akwai na 43, akwai ƙanana ƙwarai na 64 da ba su fi ɗan yatsa ba.

Asalin abin ya daɗe. Kamfanin Lionel na Amurka ya sayar da motocin wasa masu lantarki masu bin ɗan dogo tun 1912, amma ba su yi kasuwa ba. Wanda ya raya sana'ar wani ɗan Ingila ne mai suna Fred Francis, mai kamfanin Minimodels. Tun 1952 yana ƙera ƴan motocin gwangwani masu wani irin na agogo, da sunan Scalex. Da ciniki ya ja baya sai ya sa musu injin lantarki, ya fito da su a kasuwar baje kolin kayan wasa ta garin Harrogate a 1957, da sunan Scalextric. Motocinsa na farko, Maserati da Ferrari, jikinsu na gwangwani ne, abin da yaron Gaya zai ji daɗin sani. Sai a 1960 aka koma yin jikin da roba. Faransa ta fito da nata, Circuit 24, a 1961, sunan kuwa daga tseren sa'a 24 na garin Le Mans aka ɗauko shi. Jamus ta biyo da Carrera a 1963. A Amurka, tsakiyar shekarun 1960, abin ya zama kamar annoba, aka buɗe dubban gidajen tsere inda yaro ke biyan kuɗi ya hau layi, kafin shekarun su ƙare kuma mafi yawansu suka rufe. Daga wajen 2004 aka shigo da dabarar kwamfuta, wadda ta sa motoci da yawa ke iya bin layi ɗaya, su kuma sauya layi don su wuce juna.

Mutanen Nijar ma suna da ɗan rabo a ciki. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen Disamba 1978, ya ratsa Agadas da Yamai tun zagayensa na farko. Daga baya kamfanonin ƙasar Sifen, irin su Ninco, suka ƙera ƙananan kwafin motocin wannan tsere, har da Mitsubishi Pajero, da hanya mai tudu da gangare a madadin rairayin Tenere.

Ƙafa kafin inji

Wanda bai san motar tsagi ba yakan zaci inji mai ƙarfi shi ke cin tsere. Ga lissafi mai sauƙi da duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya bi da fensir. Injin da aka saba sa wa motocin gida yana juyawa wajen sau 18,000 a minti. A bakinsa akwai ɗan faifai mai haƙora 9, yana cizon wani babba mai haƙora 27 da ke bisa sandar ƙafafun baya. Ke nan sai inji ya juya sau uku kafin ƙafa ta juya sau ɗaya: sau 6,000 a minti, watau sau 100 cikin sakan guda. In faɗin taya santimita 2 ne, kewayenta ya ɗan haura santimita 6, motar na iya cin mita 6 a sakan in hanya ta miƙe, abin da ya kai kilomita 22 a sa'a. Ga abu mai tsawon santimita 14, wannan daidai yake da babbar mota ta yi kilomita 700 a sa'a. Irin waɗanda ƙwararru ke tserewa da su a Amurka, masu jiki kamar ɓawon albasa da fukafukai na roba, suna zagaye hanya mai tsawon mita 47 cikin ƙasa da sakan biyu, ido ma ba ya iya bin su.

Yanzu a ɗauka tayar ba ta zagaye sosai ba, tana da ɗan tudu a gefe ɗaya wanda bai fi kaurin farce ba. Wannan tudu zai daki hanya sau 100 kowane sakan. Mota ta riƙa tsalle, taya ta rabu da ƙasa, kitson jan ƙarfe ya rabu da wuta, harshe ya riƙa ɗagowa daga tsagi. Ƙara mata ƙarfin inji ƙara mata ciwo ne. Shi ya sa abin da mai tsere ke fara yi da sabuwar mota shi ne ya ɗaga ƙafafun baya, ya ba ta wuta kaɗan, ya sauke tayoyin sannu bisa takardar yashi har su daidaita. Sa'an nan ya cire sandar ƙafafun ya gangara ta bisa gilashi. In ta yi rawa, a lanƙwashe take, ba ta da magani sai jefarwa.

A nan ne ake bambanta aikin ƙwarai da na ganin ido. Motocin araha ƙafarsu roba ce da aka zuba a zubi, aka danna ta bisa sanda, sau da yawa ramin bai faɗa tsakiya daidai ba. Kamfanonin Italiya biyu, Slot.it da NSR, sun yi suna ne don ƙafafunsu na alminiyam ne da aka sassaƙa a inji, ana ɗaure su da ɗan ƙaramin noti, sandar kuma ta baƙin ƙarfe mai tauri ce, tana juyawa cikin zobban tagulla da ba su da sako-sako. Kamfanin Fly na Sifen kuwa, wanda ya fito a 1996, ta wajen ƙawa ya shahara: ana ganin direba da ɗamararsa, da agogunan gabansa, da kowane rubutu na jikin motar gaske. Masu tara motoci cikin kabad sun so su ƙwarai. Amma madubi da fiffike da eriya su ne ke fara karyewa a karon farko, kuma duk abin da aka ƙara a sama nauyi ne a wurin da ba a son sa.

Yaron Gaya ba shi da takardar yashi, amma yana da bango da dutse. In ya yanko ƙafa daga silifa sai ya soke ta da ƙusa, ya juya, ya duba inda ta yi tudu, ya goga. Ya san in ramin ya kauce wa tsakiya motar za ta riƙa ɗingishi, abokansa su yi masa dariya. Ya san tsinken ƙafar keke ya fi waya kyau wajen yin sanda, don a miƙe yake, ba ya lanƙwasa. Wasu har bututun tsohon biro suke yankawa su zura sandar ciki, don ta juya ba tare da ta ci jikin motar ba, aikin da zoben tagulla ke yi ke nan a motar Italiya. Bambancin kawai shi ne ƙafarsa, mai faɗin santimita 6, ba ta kai saurin juyin ta motar tsagi ba ko da gudu yake tura ta, saboda haka tana yafe masa kuskuren da motar tsagi ba ta yafewa.

Nauyi ƙasa

Abu na biyu shi ne inda nauyi ya zauna. Motar tsagi ta kashi ɗaya cikin 32 ba ta cika kai giram 100 ba. Masu ƙera ta suna ƙoƙari jikin sama ya zama shafal, duk abin da ke da nauyi ya kwanta cikin shasi, dab da hanya. Har kwanciyar injin ma ana gardama a kanta: wasu su miƙe shi bisa tsawon mota, wasu su gicciye shi kusa da ƙafafun baya, wasu su karkata shi tsakanin biyun, kowanne da yadda yake raba nauyi tsakanin gaba da baya. In mota tana yawan kifewa, sai a manna mata ƴar dalma a ƙarƙashi. Ƙwararru kuma sukan ɗan sassauta notunan da ke riƙe jiki da shasi, don jikin ya sami wurin motsi, kada girgizarsa ta ɗaga taya. Yaron da ya ɗaure mahaɗan motarsa da robar tib maimakon ya murɗe su da waya, dabara ɗaya suka yi.

Dalilin wannan duka kwana ce. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. In nauyi yana ƙasa, bayan motar ne zai ɗan zame, direba ya gani ya sassauta. In yana sama, ba gargaɗi, sai dai a ga ƙafafu suna kallon rufi. Mutanen da ke zaune bakin hanyar Gaya zuwa Doso ba su buƙatar a fassara musu wannan. Sun sha ganin motar da aka yi wa lodi har ya haura kanta ninki biyu, ga mutane zaune bisa kayan, ta zo kwana ta kwanta. Ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Nijar da Benin, sun sa hannu a 2005 bisa doka mai lamba 14, wadda ta ƙayyade tsayin mota da kayanta kada ya wuce mita 4, ta kuma ƙayyade nauyin da kowace sandar ƙafafu za ta ɗauka. Abin da dokar ke faɗi da lambobi, yaron da ya taɓa cika motar gwangwaninsa da duwatsu har sama ya ga ta kife, ya riga ya gan shi da idonsa. Da yawa daga direbobin gobe cikin waɗannan yara suke.

Akwai wata dabara da kamfanoni suka shigo da ita, wadda ta raba kan masu tsere. Da yake ƙarafan hanyar roba baƙin ƙarfe ne, sai aka liƙa maganaɗisu a cikin motar, ya riƙa jawo ta ƙasa. Nan take mota ta manne da hanya, yaro ƙarami ma ya iya zagayawa ba faɗuwa. Don ciniki abin ya yi kyau. Sai dai maganaɗisu mai rufa asirin mugun aiki ne: taya mai tudu da sanda mai lanƙwasa duk yana danne su, ranar da motar ta ƙwace kuwa da cikakken gudu take ƙwacewa, ta farfashe. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke cire shi, ko su yi tsere bisa hanyar katako mai jan ƙarfe, wanda maganaɗisu ba ya kamawa. A can ne ake sanin wanda ya iya gini da wanda ya iya tuƙi.

Wuri ɗaya kuwa motar Gaya ta fi ta Turai. Motar tsagi ba ta da sitiyari. Ƙafafunta na gaba kusan ado ne, masu tsere ma sukan rage su don kada su taɓa hanya sosai, motar ta tsaya bisa harshe da tayoyin baya kamar tukunya bisa duwatsun murhu. Motar waya kuwa tana da doguwar sanda da ta taso daga gabanta har ƙugun mai ita, da zagayayyen sitiyari a kai. In ya murɗa, wata ƴar waya a ƙasa ta ja ƙafafun gaba biyu su karkata tare. Yaro ɗan shekara goma da ya haɗa wannan da kansa, ba littafi ba malami, ya warware matsalar da ake koya wa masu koyon kanikanci da zane a allo.

Motar tsagi ta kanti ba abin da za a ce iyaye a Gaya su saya ba ne. Tsadarta ta fi ƙarfin mafi yawan gidaje, in wani abu ya karye babu inda za a sami madadinsa, kuma babban abokin gabanta ƙura ce: ƙura kaɗan bisa hanya, taya ta daina kamawa, wuta ta riƙa yankewa, balle a ce lokacin hunturu ne. Abin da ke cika kasuwa a maimakonta, watau motocin roba masu batir da ake shigowa da su da araha, kwana kaɗan suke yi su mutu. Amma ko gawarsu tana da amfani, don yara sun gane cire ɗan injin da ke ciki, ko na tsohuwar rediyo mai kaset, su ɗaura wa motar gwangwani da batir biyu. Wannan inji ɗan'uwan na motar tsagi ne, irin wanda kamfanin Mabuchi na Japan ya cika duniya da shi.

Hanyar ma ba ta fi ƙarfin kafinta ba, don ƙungiyoyin Turai da kansu suke yin tasu. Faifan katako ake samu mai santsi, a zana layi biyu da tazarar santimita 9 ko 10 tsakaninsu, a fafe tsagi mai faɗin milimita 3 da zurfin milimita 7 ko 8, a shimfiɗa zaren jan ƙarfe na tsohuwar wayar lantarki dama da hagu. Wuta kuwa batirin mota mai volt 12 ya isa, ko wanda ake cikawa da faifan hasken rana, muddin an sa fis a tsakani, don in wayoyi suka haɗu kada su yi zafi su kama wuta. Wutar bango mai volt 220 ba a kusantar da ita ga wannan aiki ko kaɗan. Malamin lakwal da ya sami irin wannan faifai a ajinsa yana da abin koyar da kewayen da'ira, da rabon haƙoran giya, da tafiyar lantarki, motocin kuwa ƴan ajin ne za su ƙero su. In an tashi, a goge hanyar da ɗanyen tsumma, a jingine ta a bango fuskarta ciki, a rufe da tsohon zane saboda ƙura.